Maɗacin da Na Sare a Fadamar Baffa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baffa, yayan mahaifina, ya rasu wata Laraba da hantsi, ni kuwa ban iso Bangui ba sai ana gobe sadakar bakwai. Daga Garwa-Bulai ta Kamaru, inda nake zaune shekara biyar ke nan, mutum ba ya kama hanya don ya ga dama, sai an tara motoci an samu rakiya.

Na tarar da ƙofar gida cike da maza, tsakar gida cike da mata, kowa da irin Baffan da ya sani. Wani tsohon mai gawayi na unguwar Yakité yana ta rantsuwa a bakin zaure cewa sau uku marigayi ya kore shi da sanda, har sau ɗaya ya bar takalminsa a laka. Ana cikin dariya sai muryarsa ta karye. Ya ce ranar da aka harbe masa ɗa, Baffa ne ya shigo da itacen kabari a kafaɗarsa, ba wanda ya aike shi. Wata dattijuwa Kirista mai sayar da ganyen miyar nan da ake kira koko ta tsallako daga can bayan gada, wurin da ko matasa ba sa son bi. Ta zauna daga bakin ƙofa tana maimaita magana ɗaya da yaren Sango, "Kota zo ti e akui awe," wato babbanmu ya tafi. Liman bai yi dogon jawabi ba. Ya dafa gwiwoyinsa ya ce waɗannan su ne shaidarsa, waɗanda suka san zancen suka sunkuyar da kai suna murmushi.

Ni dai ina zaune kusa da Inna, matar Baffa, ana yi mini ta'aziyya ina amsawa, amma zuciyata tana wani wuri. Akwai magana tsakanina da shi da ban taɓa rufewa ba. Na sare masa itace a shekarar da aka tsare mu a unguwa, na gaya masa baƙar magana a kai, na kuma bar ƙasar ban ce masa ya yafe mini ba. Kullum cewa nake in na je zan durƙusa in faɗa. To ga shi na zo, an riga an rufe shi.

Wanda bai san wurin ba zai ce mene ne itace ɗaya a ƙasar da daji ya yi yawa. Bari in faɗi yadda abin yake.

Bayan gidajenmu, ta wajen unguwar Kokoro, akwai wata fadama. Ba ta da girma, kafin shayi ya tafasa ka zagaye ta. Ruwanta ba ya ƙafewa ko da rani, lakarta baƙa ƙirin, in ka taka sai ta riƙe maka ƙafa. Kakanmu ya same ta haɗe da gida don ba mai so. Baffa ne ya mayar da ita abin da ta zama: tukurwa a cikin ruwa, ɓaure da kwakwar manja a gefe, maɗaci da loko daga tudu. Mai wucewa daga kasuwar Kilomita Biyar, kunnensa cike da ƙarar babura da ihun masu dako, in ya shigo nan sai ya ji kamar an rufe masa ƙofa a baya. Tsuntsaye kawai da kwaɗi.

Abin mamakin shi ne, mutumin da ya shuka su ya yi rabin rayuwarsa yana kayar da itatuwa. Ma'aikacin katako ne a dajin kudu, wajen Lobaye, tun yana saurayi. Yakan ce akwai itacen da mutum shida suka kasa zagaye shi da hannu, shi ya kwantar da shi tsakanin hantsi da azahar. In ka tambaye shi dalilin wannan wahala da yake yi a fadama, amsarsa ɗaya ce: "Na kashe iyayensu, ina renon 'ya'yansu. Ina laifi?"

A can dajin ne gungume ya kuɓuce ya murɗe masa baya. Ya yi watanni a kwance, ko buta ba ya iya ɗagawa. Wani Ba'indiye mai gyaran injin yanka, wanda suke shan shayi tare, shi ya riƙa zuwa yana koya masa yadda ake jan numfashi a hankali, a riƙe, a sake, da yadda ake miƙa jiki gaɓa bayan gaɓa. Ya gaya masa sunan abin yoga. Baffa ya tashi da ƙafarsa, ya bar aikin katako, amma bai bar wannan ba har ya koma ga Allah.

Kowace safiya, in ya dawo daga sallar asuba gari ya fara haske, sai ya ɗauki tabarmarsa ya shiga fadama. Mu muna yara muna laɓewa bayan tukurwa muna toshe baki. Kai, jama'a! Dattijo da gemunsa, ya tsaya da ƙafa ɗaya, hannuwa a sama, ko gezau. Muka sa masa suna zalɓe, ya ji, ya ce ai zalɓe ma halittar Allah ne, kuma bai taɓa ganin zalɓe mai ciwon baya ba. Daga nan ya zauna ya harɗe ƙafafu, in ya ja numfashi ya ce Subhanallahi a zuci, in ya sake ya ce Alhamdu lillahi. Ya ce iskar da ke fitowa daga ganye da safe ita ce ta fari, ba wanda ya riga ka shaƙa. Mutanen kasuwa, in ji shi, ragowar numfashin juna suke sha, shi ya sa ba su da haƙuri.

Magana ba ta ɓuya a unguwarmu. Aka kai wa liman cewa Baffa yana sallar Indiyawa. Liman ya zo da kansa da sassafe, fuska a murtuke, ya same shi goshi kusa da ƙasa, hannuwa a miƙe.

"Malam, wa kake rusuna wa haka?"

Baffa bai ɗago da sauri ba, sai da ya gama sakin numfashinsa. Ya ce, "Allah gafarta malam, sujadata na baro ta a masallaci, bayanka na yi ta. Wannan bayana nake lallashi. Ka duba da kyau, ai alƙibla tana can, ni ɓaure nake kallo."

Liman ya ce duk da haka abin bai yi masa kama da namu ba. Baffa ya ce tabarau ma ba namu ba ne, amma ga shi a hancin malam yana karanta Alƙur'ani da shi. Suka rabu ba daɗi, kusan wata biyu gaisuwa kawai. Sai damina ta shigo, gwiwoyin liman suka kumbura har yana jan sallah a zaune. Wata safiya Inna ta leƙa ta ga tabarma biyu a fadama. Mu duka muka yi kamar ba mu gani ba.

Faɗansa na gaske da maƙwabta a kan ruwa ne. Sun so a haƙa lambatu a tsiyaye fadamar saboda sauro, ya ƙi ƙememe. Ya ba su labarin da muka ji har muka haddace. Wata shekara a daji sun tsiyaye irin wannan fadama don motocin gungume su samu hanya. Da rani ya yi, wuta ta shiga baƙar ƙasar. Ba harshen wuta, ba komai, sai hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin ƙafarka, wata biyu cur, ruwan sama na farko ma bai kashe ta ba. "Wannan laka da kuke gani," in ji shi, "ganye ne da itace na tun kafin kakanninmu. Hayaƙi ne yake barci. Itace yana shan hayaƙin da muke yi ya adana a jikinsa, in ya faɗi ruwa ya rufe shi. Ku bar shi ya yi barcinsa." Aka ce tsufa ne. Bayan shekaru, ina Garwa-Bulai ina tuƙa tuwo, na ji ana bayani a rediyo a kan dazuzzuka da fadamun da ke riƙe wani abu wai shi karbon, da yadda zafin duniya ke ƙaruwa in an bar shi ya fita. Na saki muciya na ce, ni 'yasu, ai zancen Baffa ne aka sa wa sunan boko. Ranar na yi kewarsa har abincin ya kama.

Doka ɗaya ce a fadamar, kowa ya san ta: ba mai shiga da ƙarfe sai shi. Ba adda, ba gatari, ko wuƙar yanka albasa.

Sai tashin hankali ya zo. Ba zan tsaya bayanin wa ya fara ba, kowa ya ɗanɗana. Abin da na sani shi ne mun wayi gari unguwarmu ta zama kurkuku. In ka wuce wani layi ba ka dawowa. Maigidana direban babbar mota ne, rikicin ya rutsa da shi a Kamaru, ya bar ni da yara huɗu. Ni mai abinci ce a kasuwa, gozo, wato tuwon rogo, da miyar ganyen koko da shinkafa nake sayarwa, wuta ita ce sana'ata. Gawayi ya daina shigowa. Muka ƙona benci, muka ƙona tsofaffin akwatunan kaya, wasu har ƙyauren banɗaki. Daga nan idon kowa ya koma fadama.

Baffa ya kai tabarmarsa bakin hanyar shiga ya zauna. Matasa masu bindiga suka zo da gatari, ya ce musu su fara da shi, shi ma busasshe ne zai ci wuta. Suka ji kunya suka juya. Amma bai bar mutane haka ba. Ya riƙa zagayawa da farar ƙasa yana shafa wa rassan da ya san itace zai iya rabuwa da su, ya hau da kansa, tsoho da shi, ya sare su a karkace don kada ruwa ya kwanta a wurin, ya shafe ciwon da laka. Kowane gida da ranarsa. Ba ya isa, wallahi ba ya isa, amma ana ɗora tukunya sau ɗaya a yini.

Da hanyar maƙabarta ta toshe, aka koma binne mutane a cikin gidaje. A nan ne kawai na ga Baffa ya sare ɗanyen reshe miƙaƙƙe ba tare da an roƙe shi ba. Ya ce mai rai zai iya cin garin rogo da ruwan sanyi, amma mamaci ba a zuba masa ƙasa a fuska. Haka kuma, in harbi ya yi tsanani da rana, mata da tsofaffi sukan gudu fadama don harsashi ba ya ratsa itatuwan sosai. Sai ya zaunar da su ya ce kowa ya dafa cikinsa. "Ja a hankali. Riƙe. Saki. Tsoro a ƙirji yake zama, ku tura shi ƙasa." Na ga matar da take karkarwa kamar mazari ta natsu har ta ba ɗanta nono.

Ni ban zauna ba ko sau ɗaya. Haushi nake ji. Autana yana zawo, ina bukatar tafasa ruwa safe da yamma, rabona na itace kuwa sai bayan kwana huɗu. In na kalli itatuwan nan tsaye ƙato-ƙato, sai in ji kamar dariya suke yi mini.

Wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, na ɗauki gatarin maigidana na shiga. Na zaɓi wani matashin maɗaci a gefen tudu, kaurinsa bai wuce cinyar mutum ba, don shi ne zan iya. Na sare shi, na daddatsa, na kwashe a zani sawu uku. Ni da na shekara ashirin a bakin murhu, na fi kowa sanin ɗanyen itace ba ya ci, amma ranar hankalina ba ya jikina. Na hura, na hura, sai hayaƙi fari mai ɗaci ya turnuƙe gidan, ya haura katanga. Yara suna tari, idona yana ruwa, ruwan ko ɗumi bai yi ba.

Ina durƙushe ina fifita sai na ga ƙafafunsa a bakin madafa. Bai ko shiga fadamar ba tukuna, hancinsa ne ya gaya masa.

"Maɗaci ne," ya ce. "Na gefen tudu."

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina ba shi da linzami, kowa ya san ni. Na miƙe na ce, "Eh, shi ne! Baffa, itace ya fi 'ya'yana ne? Kai ba ka da mai kuka a ɗaki, shi ya sa. Ka je ka tsaya da ƙafa ɗaya, mu ka bar mu mu ji da yunwarmu!"

Allah bai ba Baffa da Inna haihuwa ba. Na san inda na soka, da gangan na soka. Ya dube ni, ya dubi hayaƙin, ya ce a hankali, "'Yata, da kin tambaye ni, da na ba ki wanda zai ci." Ya juya ya fita.

Washegari da safe na buɗe ƙofa na ga ƙullin busassun rassa. Jibi ma haka. Kullum haka, har ranar da muka tafi. Daga baya Inna ta gaya mini rabon gidansu ne, su suka koma jiƙa gari. Na ɗauka, na dafa, yarona ya warke, amma ban taka na je na ce masa komai ba. In na hango shi sai in canza hanya. Girman kai rawanin tsiya, na ɗaura shi har ya rufe mini ido.

Da aka shirya motocin da za su kwashe mutane zuwa Kamaru, na shiga da yarana. An yi an yi da Baffa ya ƙi. Ya ce kafin motarsa ta kai Kilomita Sha Biyu an mayar da fadamar gawayi. Ya zo rakiya, ya ɗaga autana ya miƙa mini shi ta saman mota, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Maganar tana bakina, na ji ta a kan harshena. Direba ya ja mota.

Shekara biyar muna gaisawa a waya. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni labarin tsuntsayen da suka dawo, ya tambaye ni ko akwai itace a inda muke. Na ce babu, Baffa, an cinye su, sansanin 'yan gudun hijira ne. Ni kuma ina ganin irin wannan magana ba ta waya ba ce, sai ido da ido. Na yi kewar Bangui, na yi kewar kasuwa da surutunta, amma abin da ya fi dawo mini shi ne sanyin fadamar da safe, wanda ban taɓa zama na shaƙa ba lokacin da yake bayan ɗakina.

Bayan an watse daga sadakar bakwai, na kasa daurewa. Na ce, "Inna, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Ya taɓa cewa ya yafe mini?"

Ta ce, "'Yar nan, ban ji ya ce ya yafe ba, ban kuma ji ya ce bai yafe ba. Kin san shi. Tashi mu je."

Ta shiga ɗakinsa ta fito da addarsa, muka bi ta bayan gida. Mai takaba ba ta yin nisa, amma fadamar cikin gida take a wurinmu. Ta kai ni gefen tudu. Kututturen yana nan, ya yi baƙi, har da tabon saran da na yi masa a karkace ta ko'ina. Daga jikinsa itace biyu sun tashi, kowanne ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, sun matsu da juna har ɓawonsu ya fara gogewa.

Inna ta ce bayan tafiyata kututturen ya yi toho kusan goma. Baffa ya riƙa rage su ɗaya ɗaya, don in an bar su duka ba wanda zai zama itacen kirki. Da suka rage biyu sai ya tsaya. Ta yi ta yi masa magana cewa suna cutar juna, liman ma ya faɗa masa, ya ce ya sani, ya fi su sani.

"Ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Ya ce 'yarsa za ta dawo, ita za ta zaɓa. Ko a ciwon nan nasa sai da ya sake faɗa, kada kowa ya taɓa."

Na ce, "Wanne ya fi so a bari?"

"Bai faɗa ba."

Ta miƙo mini addar ta wajen ƙota. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin an miƙa wa wani ƙarfe a wurin nan ba. Na dafa cikina, na ja numfashi a hankali, na riƙe, na saki, karo na farko a rayuwata, a gaban matar da na yi wa mijinta gorin haihuwa. Na zagaya su sau biyu. Na hagun ya fi kauri, amma ya karkata wajen ruwa. Na daman siriri ne, ya miƙe sak. Na yi bismillah na sare na hagun, na durƙusa na ɗebo laka na shafe wurin. Inna ta ce, "Haka zai yi."

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya wa bayin Allah masu baki da marasa baki. Ya ba Inna haƙuri, mu kuma Ya sa mu cika da imani.

Tun kafin a naɗe tabarmin makoki na ga wasu mutum biyu suna auna fadamar da ido ta kan katanga. Na kira maigidana na ce ya kula da yara, in hutun makaranta ya zo ya kawo mini su. Motocin Kamaru sun tashi ranar Asabar, ban bi su ba.